Tantance tasirin sauyi a masana'antu

Tantance tasirin sauyi hanya ce ta gano matakan aikin da wani canji zai taɓa tun kafin a aiwatar da shi. An fi saninta a fannin rubuta manhajar kwamfuta, inda Shawn Bohner da Robert Arnold suka fitar da littafi a kanta a 1996.

Yadda ake yi

A manhajojin tafiyar da kamfani irin su SAP da Odoo, ana shigar da kayan da ake haɗa kowace haja da su, injin da ke sarrafa su, da kuɗin da kowane mataki yake ci. Da zarar an sauya farashin abu guda, manhajar za ta bi sarƙar ta nuna hajojin da abin ya shafa.

A Kano

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin lantarki na rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit, fiye da ninki uku. Ga masana'antar roba a Sharaɗa ko Bompai, lissafin shi ne: wane inji zai zauna kan wutar KEDCO, wanne zai koma janareto, wace haja ce ta daina kawo riba.

Sai dai manhaja ba ta ganin abin da ba a shigar mata ba. Majemun Challawa na sayen fata daga dillalai, galibi bisa yarda da cinikin baki, don haka farkon sarƙar yakan rage a kan manaja da littafinsa.