Ageratina altissima

Ageratina altissima wani tsiro ne mai guba da ke fitowa a dazuzzukan gabashi da tsakiyar Arewacin Amurka. Yana cikin dangin Asteraceae. Turawa na kiransa white snakeroot, wato farar saiwar maciji, saboda a da an ɗauka saiwarsa na maganin saran maciji.

Siffa

Tsayinsa kan kai mita ɗaya da rabi. Ganyensa na fitowa biyu-biyu suna fuskantar juna, bakinsu kamar haƙoran zarto. Yana fitar da ƙananan fararen furanni a dunƙule daga ƙarshen lokacin zafi zuwa kaka, sannan iska ta kwashe 'ya'yansa. Saiwarsa ba ta mutuwa da hunturu, takan sake tohowa duk shekara.

Suna

Carl Linnaeus ne ya fara ba shi sunan kimiyya a 1753, ya kira shi Ageratum altissimum. Daga baya an daɗe ana kiransa Eupatorium rugosum. A 1970 Robert King da Harold Robinson suka mayar da shi cikin jinsin Ageratina. Wannan ne ya sa tsofaffin samfura da yawa ke ɗauke da sunan da aka daina amfani da shi.

Samfura a ma'adanar busassun tsirrai

Masana tsirrai kan tsinko tsiron da ganye da fure, su danne shi tsakanin takardu har ya bushe, sannan su manna shi a kan takarda mai kauri. A gefe ake rubuta sunan wanda ya tsinko, kwanan wata, wurin da aka same shi da yanayin wurin. Ana ajiye irin waɗannan samfura a Cibiyar Smithsonian da ke Washington, da lambunan nazarin tsirrai na New York da Missouri. Yanzu an ɗora bayanan da yawa daga cikinsu a intanet, a rumbuna irin su GBIF.

Samfurin shi ne hujja, domin akwai wasu tsirrai dabam da ake kira snakeroot, kamar Aristolochia serpentaria da nau'o'in Sanicula. Idan aka yi shakkar wani rahoto, sai a koma a duba takardar.

Inda yake tsirowa

Bayanan sun nuna ana samunsa daga Ontario da Quebec a Kanada har zuwa Texas da arewacin Florida. Ya fi son inuwar bishiyoyi, gefen daji, bakin rafi da kurmi. Wani reshensa mai suna roanensis ya fi yawa a tsaunukan Appalachian.

Guba

Tsiron na ɗauke da gubar tremetol. Idan shanu suka ci shi sai jikinsu ya riƙa rawa, gubar kuma ta shiga nononsu da namansu. Wanda ya sha nonon kan kamu da amai, ciwon ciki da kasala, wani lokaci har ya mutu. Cutar ta hallaka mutane da yawa a ƙarni na 19, lokacin da baƙin manoma a Ohio, Indiana, Illinois da Kentucky ke sakin shanunsu kiwo cikin daji, musamman in fari ya ƙone ciyawar fili. Ana kyautata zaton ita ce ta kashe Nancy Hanks Lincoln, mahaifiyar Shugaba Abraham Lincoln, a Indiana ranar 5 ga Oktoba, 1818. Cutar ta ragu sosai bayan an sare dazuzzuka an killace makiyaya, amma har yau tsiron na kashe dawakai da awaki.