Leza da Baƙar Fata: Tarihin Gyaran Fata da Haske

Gyaran fata da leza aikin likitanci ne da ake harba tsararren haske a kan fata domin a ƙona wani sashenta da gangan, bisa awo, yadda jiki zai zabura ya cike wurin da sabuwar fata da sabon kolajin, wato zaren da ke riƙe fata ta tsaya da kyau. Da shi ake rage tamoji, da tabon ƙuraje, da tabon ƙuna ko na aska, da baƙin da rana ko man shafawa ya bari. Marubuta sun saɓa kan shekarar da za a soma lissafin tarihinsa. Wasu na farawa daga 1917, wasu daga 1960, wasu daga 1963. Matsayar wannan maƙala ita ce, ga mai baƙar fata irin mutumin Gusau ko Tsafe ko Bungudu, shekarun da suka fi nauyi su ne 1983 da 2004, domin an shafe shekaru da dama ana auna wannan na'ura da farar fata, kuma har yau wannan gado shi ne tushen haɗarinta a wajenmu.

Taɓa fata da ƙarfe ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zamfara. Tun kafin zuwan asibiti wanzami ne mai wannan aiki, da zabirarsa da askarsa da ƙahonsa, kuma a da ta tsagar fuska ake bambance Bazamfare da Bagobiri da Bakatsine a kasuwannin wannan yanki, inda Katsinawan Laka suka daɗe da zama. Ciwon agana ya bar zanzana a fuskokin tsofaffi kafin a kawar da shi daga duniya a 1980. Mata kuma suna da nasu gyaran jikin, na lalle da man kaɗe, daga baya dilka da halawa suka shigo. Tsagar gado ta ja baya ƙwarai, har dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta hana yi wa yaro ita, amma waɗanda aka riga aka yi wa suna nan da tabonsu. A Turai da Amurka kuwa, kafin leza, likitoci na goge saman fata ne da na'ura mai juyawa, ko su saɓule ta da sinadarin fenol. Duk hanyoyin biyu sun dogara da nauyin hannun mai aikin, kuma idan ya zarce babu gyara.

Asalin na'urar leza sananne ne. Albert Einstein ya bayyana ƙa'idar a 1917, Charles Townes da Arthur Schawlow suka zana yadda za a gina ta a 1958, Gordon Gould, wanda ya ƙirƙiro sunan, ya yi shekaru kusan talatin yana shari'a kan haƙƙin mallaka, shi kuma Theodore Maiman ya kunna ta farko ranar 16 ga Mayu, 1960, a California, da dutsen yaƙutu. Likitan fata Leon Goldman na birnin Cincinnati ya wallafa gwajinsa a kan fatar ɗan'adam a 1963, sannan a 1964 Kumar Patel ya ƙera lezar CO2. Masu ɗaukar 1963 a matsayin mafari suna da hujja, amma na'urorin wancan zamani irin lezar CO2 haskensu zuba yake ba yankewa, zafi ya malala zuwa naman da ke kewaye, sau da yawa a cire tabo a bar wani tabon. Kayan aikin ya samu, amma ilimin sarrafa shi bai samu ba tukuna.

Wannan ilimi ya zo ne a 1983, lokacin da Rox Anderson da John Parrish na Jami'ar Harvard suka wallafa bincikensu a mujallar Science. Sun nuna cewa a cikin fata akwai abubuwa uku da ke shan haske: ruwa, da jan jini, da melanin, sinadarin da ke ba fata launinta. Kowane ɗaya yana da zangon hasken da ya fi sha. Idan aka zaɓi zangon da ya dace, aka harba shi cikin ƙiftawar da ta gaza lokacin da abin da aka nufa ke buƙata ya huce, to shi kaɗai zai ƙone, maƙwabtansa su tsira. A kan wannan ƙa'ida aka gina kusan duk na'urorin da suka biyo baya, kuma a cikinta matsalar baƙar fata ta fito fili. A farar fata, ɗigon baƙi ko tushen gashi yana tsaye shi kaɗai kamar gawayi a kan farin ƙyalle, haske ya same shi kai tsaye. A baƙar fata kuwa, saman fatar duka cike yake da melanin, sai ya tare hasken tun a bakin ƙofa ya sha zafin. Lezar yaƙutu mai zangon nanomita 694 da ta alezandarait mai 755 suna cikin waɗanda melanin ke sha sosai, shi ya sa suke iya tayar da bororo, su bar wurin ya yi baƙi ƙirin, ko ya kware ya yi fari.

Ma'aunin da likitoci ke rarraba fata da shi ma yana ɗauke da wannan tarihi. Thomas Fitzpatrick ya fito da shi a 1975 domin auna hasken da za a ba masu wata cutar fata, kuma da farko rukuni huɗu ne kacal, duka na fararen fata. Daga baya aka ƙara na biyar da na shida, inda aka tattara akasarin mutanen Afirka. A shekarun 1990, da lezar CO2 mai harbi a gutsure ta yi tashe, sai aka shiga kwashe saman fatar fuska baki ɗaya. Zangonta 10,600 ne, ruwan jikin fata take ƙonawa, kuma tana baje tamoji fiye da duk abin da aka sani kafin ta. Amma fuska kan yi mako ɗaya zuwa biyu tana tsatsafo da ruwa, ta yi watanni tana ja, ƙwayoyin cuta na iya shiga, wasu kuma launinsu ya dushe bayan wata shida zuwa shekara. Lezar erbiyum mai zango 2,940 ta rage zurfin ƙunar. Duk da haka, likitoci masu taka-tsantsan sun riƙa kauce wa yi wa masu duhun fata wannan aiki, saboda baƙin da ke biyo bayan kumburi, da kuma tabon nan mai tasowa ya yi ƙulli ya zarce iyakar ciwon, wanda ya fi yawa a jinsin baƙaƙe.

A 2004 Dieter Manstein da Anderson da abokan aikinsu suka kawo dabarar da ta buɗe ƙofa. Maimakon a ƙone gona duka, sai a yi mata saran shuka: dubban ƙananan ramuka, kowane bai kai kaurin zare ba, ƙasar da ke tsakaninsu kuma lafiya lau. Daga wannan lafiyayyar fata ake cike ramukan cikin kwanaki kaɗan. Na'urar Fraxel ce ta fara shiga kasuwa da wannan tsari, sannan aka ɗora shi a kan CO2. A gefe guda, lezar Nd:YAG mai zango 1,064 ta samu karɓuwa domin melanin ba ya shanta sosai, tana wuce sama ta isa ƙasa, kuma da ita ake maganin ƙurajen aski da ke addabar gemu da ƙeyar maza. Idan aka haɗa da sanyaya fata yayin aiki, da rage ƙarfin harbi, da tazara tsakanin zama da zama, haɗarin ya ragu ƙwarai, ko da yake bai gushe ba. A Najeriya, asibitocin da suka yi suna da wannan aiki sun fi taruwa a Legas da Abuja.

Wani zai ce baƙar fata ba ta saurin tamoji, don haka wannan zance bai shafe mu ba. Gaskiya ne melanin na kare fata daga rana, kuma tsufan fuska kan jinkirta. Amma lalacewar fata a wajenmu ta wata ƙofa take shigowa, ƙofar bilicin. Adadin da aka fi yaɗawa, cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na shafa man ƙara haske, ya fito a takardar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2011, amma tushensa bincike ne na 2002 a kan 'yan kasuwa 'yan ɗaruruwa a Legas, don haka bai kamata a shimfiɗa shi a kan ƙasa duka ba. Illar dai tabbatacciya ce. Tun 1975 likitoci a Afirka ta Kudu suka bayyana baƙin dabbare-dabbaren da sinadarin haidrokwinon ke bari a kumatu, mayukan da ke da sitiroyid kuma suna sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana lamarin a matsayin na gaggawa. Fatar da bilicin ya lalata ce za ta fi neman leza, kuma ita ce ta fi rauni a gabanta.

Wani kuma zai ce wannan canza halitta ne. Malamai sun daɗe da bambance gusar da aibi da neman ƙarin ado, suna kafa hujja da sahabi Arfaja bin As'ad, wanda aka sare wa hanci, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya. Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta gyaran tabon ƙuna da na haɗari, ta kuma hana cire tamoji ta hanyar tiyata ko allura sai idan cuta ce ta kawo shi. Wannan iyaka ta yi daidai da abin da tarihin na'urar ya nuna, domin ƙona fata da gangan yana da uzuri ne idan akwai ciwon da ya kai a ɗauki haɗarin dominsa.

Ƙorafi na ƙarshe shi ne na masu cewa na'urorin yau sun kammala, kowa na iya riƙe su. Ƙa'idar 1983 ba ta canza ba, melanin na nan yana shan haske, kuma ranar bazara a Gusau ko Tsafe na iya mai da wurin da aka yi wa aiki baƙi idan ba a kare shi ba. Saboda haka matakin farko shi ne likita ya duba, a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika, a tantance ko tabo ne, ko ƙyasbi, ko aikin man bilicin. Mai son leza kuma ya tambayi zangon na'urar, ya nemi a gwada a ɗan ƙaramin wuri a jira makonni, ya faɗi gaskiya kan man da yake shafawa da kuma ko tabonsa na yin ƙulli. Iyayenmu ba su miƙa fuskar ɗa ga wanzamin da ba su san gidan da ya koyi aska ba, kuma haske da ke ƙona fata ya cancanci irin wannan bincike.