Kafin a fara cewa "kunna AC"

1/ Daren jiya aka ɗauke wuta, AC ya tsaya, ɗakina ya koma tanda. Sai na tuna ɗakin kakata a Ƙauran Namoda.

2/ Ginin ƙasa ne mai kaurin bango, rufin soro da azara. Rana ta wuni tana dukan bangon, zafin bai ratsowa ciki sai dare. Lokacin kuwa an yayyafa ruwa a tsakar gida, an baza tabarmi. Ga randa, ga mafici.

3/ Shi AC, Willis Carrier ya ƙirƙiro shi a Amurka a 1902, saboda wata maɗaba'a da laima ke ɓata wa takardu. Shigarsa ɗakin kwana daga baya ne.

4/ Mu kuma muka koma bulo da kwano. In bazara ta kai digiri 40, sai ka ji "rufe ƙofa, sanyi na fita", "janareton nan ba zai ja ba".

5/ An sauya sunan NEPA tun 2005, amma har yau shi yara ke ihu in an kawo wuta.

6/ Ɗan'uwa mai shirin gini a Shinkafi ko Zurmi, kafin ka tambayi kuɗin AC, tambayi magini ta inda iska za ta shiga. Kuma kar ka sare darbejiyar ƙofar gida.