Madagaska: Yadda talauci da ƙarewar dazuzzuka ke ciyar da juna

Madagaska tsibiri ce a Tekun Indiya, gabas da Mozambik, kuma ita ce ta huɗu a girma cikin tsibiran duniya. Lokacin da ta samu 'yancin kai daga Faransa a 1960, al'ummarta ba ta wuce miliyan 5 da 'yan kai ba. A yau ta kai kimanin miliyan 30. Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa kusan mutum uku cikin kowane huɗu na fama da talauci, kuma abin da ɗan ƙasar ke samu a shekara ya gaza na zamanin samun 'yanci, duk da cewa ƙasar ba ta yi wani dogon yaƙin basasa ba.

A daidai wannan lokaci dajin ƙasar ma yana ƙarewa. Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 44 cikin 100 na dazuzzukanta na asali sun salwanta tsakanin 1953 da 2014.

Tushen lamarin yana gona. A gabashin ƙasar, inda ruwan sama ke da yawa, manoma na yin wani salon noma da suke kira tavy: a yi sassabe, a bar itatuwan su bushe, a cinna musu wuta, sannan a shuka shinkafar tudu a kan tokar. Gonar kan yi albarka shekara ɗaya ko biyu, daga nan sai ƙarfinta ya ragu. A da, manomi kan bar ta ta huta shekara goma ko fiye, har daji ya sake rufe ta. Yanzu bakuna sun yi yawa, fili ya yi kaɗan, hutun ya koma shekara uku zuwa biyar a wurare da dama. Ƙasar da ba ta huta ba kan rikiɗe ta zama fagen ciyawa marar amfani, shi kuwa manomin da ba shi da kuɗin taki, ba shi da inda zai karɓi rance, sai ya ƙara kutsawa cikin daji. Ba rashin sani ke kai shi ba. Ya san abin da gobe za ta haifar, amma iyalinsa yau za su ci.

Ɓarnar tudu kan gangaro fadama. Ruwa na kwashe jar ƙasar tsaunukan da aka tsiraita, yana faɗaɗa manyan kwazazzaban da ake kira lavaka, waɗanda wasunsu tsofaffi ne ƙwarai. Kogin Betsiboka kan yi jajawur saboda laka. A kewayen Tafkin Alaotra, wanda shi ne rumbun shinkafar ƙasar, yashi na toshe magudanan ban-ruwa yana binne gonaki, abin da ke rage amfanin gona ya kuma tsadar da abincin da kowane gida ya dogara a kai.

Birane ma suna da nasu kason. Kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'a ne kawai ke samun lantarki, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na gidaje da itace ko gawayi suke girki. Ga ɗan ƙauyen da amfanin gonarsa ya gaza, buhun gawayi ne hanya mafi kusa ta samun kuɗi.

Sai dai ɗora laifin kacokan a kan talaka bai dace da tarihi ba. Bayan rikicin siyasa na 2009, 'yan kasuwa masu ɗaurin gindi sun yi ta sare wani jan katako mai tsada a gandun dajin Masoala da na Marojejy suna fitar da shi, akasari zuwa Sin. Irin cinikin da ya cinye itatuwan madobiya a Jihar Taraba. Har sai da hukumar UNESCO ta sanya dazuzzukan Atsinanana cikin jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari a 2010. Mai gatari ladan yini yake samu, ribar kuwa ta tafi wani wuri.

A kudancin ƙasar matsalar fari ce, kuma yunwar da ke biyo bayansa har suna gare ta: kere. A 2021, bayan damina ta gaza shekaru a jere, mutum fiye da miliyan ɗaya sun shiga matsananciyar yunwa, iska mai jan yashi ta binne gonaki, wasu iyalai suka koma cin fara da 'ya'yan wani tsiro mai ƙaya. Jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya sun alaƙanta bala'in da sauyin yanayi, amma wani rukunin masana kimiyya da ya nazarci farin a ƙarshen shekarar ya ce rawar sauyin yanayi ƙanƙanuwa ce, talauci da dogaro da ruwan sama kaɗai su ne suka mayar da fari yunwa. Iyalin da ya sayar da shanunsa da tukwanensa don sayen abinci, ko damina ta dawo ba shi da abin komawa gona.

Hana tavy da ƙarfin doka ba sabon abu ba ne: Turawan mulkin mallaka sun gwada, bai hanu ba. A 2003, a birnin Durban na Afirka ta Kudu, Shugaba Marc Ravalomanana ya yi alƙawarin ninka yankunan da ake karewa sau uku, kuma an cimma hakan. Amma da yawa daga cikinsu ba su da isassun ma'aikata, kuma ƙauyukan da aka raba da dajinsu sun sha kokawa cewa diyyar da aka ba su ba ta kai abin da suka rasa ba.