Shekara 22 a kan jinin doki

Mu da muke rubuta manhaja mun saba da gaggawa. Idan kwamfuta ta yi daƙiƙa goma tana lissafi, sai mu fara tsaki. Shi ya sa labarin Max Perutz yake ba mu kunya.

Perutz ɗan ƙasar Ostiriya ne. Ya isa jami'ar Kambirij ta Ingila a 1936, shekara ɗaya bayan nan ya ɗauki aikin gano siffar himogulobin, wato furotin ɗin da ke sa jini ja, mai ɗauko iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Babu madubin likita da zai nuna abu ƙanƙane haka a lokacin. Dabarar ita ce a daskarar da furotin ya zama kamar ƙwayar gishiri, a haska masa hasken eksire, hasken ya tarwatse ya bar ɗige-ɗige a kan fim. Daga ɗigon nan ake lissafo inda kowane atom yake. Himogulobin kuwa atom kusan 10,000 gare shi. Da jinin doki ya fara.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse shi. A 1940 Ingila ta tsare shi a matsayin ɗan ƙasar maƙiya, ta tura shi Kanada, alhali danginsa ma Nazi suka gudar wa. Da ya dawo, matsalar tana nan: fim yana nuna ƙarfin kowane ɗigo, amma rabin bayanin da lissafin ke buƙata ya ɓace. Sai a 1953 ya gano mafita. Ya liƙa wa furotin ɗin atom ɗin zaiba, mai nauyi, ya kwatanta hotunan da ke da zaiba da waɗanda ba su da ita. A 1959 siffar ta fito, curi huɗu a manne da juna. Abokin aikinsa John Kendrew ya riga shi da furotin mafi ƙanƙanta a 1958, kuma kwamfutar EDSAC ce ta yi masa lissafi, na'ura cike da ɗaki wadda wayar hannunmu ta fi ta nesa ba kusa ba. Su biyun suka raba kyautar Nobel a 1962.

A wannan sashe na Kambirij ne labarin ya taɓa gidajenmu. A 1956 Vernon Ingram ya nemo abin da ya bambanta jinin mai sikila da na sauran mutane. Tubali ɗaya ne tak, na shida cikin 146 a ɗaya daga cikin sarƙoƙin furotin ɗin. Mu masu manhaja mun san irin wannan: harafi ɗaya ya kauce, shiri duka ya rushe. Baƙon tubalin yana da danƙo. Da zarar himogulobin ya sauke iska, sai ya manne da ɗan'uwansa, su yi dogayen zare, su lanƙwasa ƙwayar jini kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi. Ciwon da ke hana yaro barci ke nan.

Bayan haka abubuwa sun yi gudu. An buɗe rumbun siffofin furotin a 1971 da guda 7, yau sun haura 200,000. A 2020, makonni kaɗan bayan bayyana ƙwayoyin halittar korona, masu bincike a Texas sun fitar da siffar ƙayar da take shiga jiki da ita. Manhajar AlphaFold, da ke hasashen siffa cikin mintuna, daga wancan rumbun ta koyi karatu, wato daga gumin irin su Perutz.

Sai dai ganin siffa daban, magani daban. An san tubalin sikila tun 1956, amma sai ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin gyaran ƙwayoyin halitta mai suna Casgevy. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya. Nijeriya ce ƙasar da aka fi haihuwar masu sikila a duniya, kuma abin da yawancin iyalai ke iya kaiwa gare shi har yanzu shi ne gwajin jini kafin ɗaurin aure.