Fensirin Abdulkarim da Gine-ginen Adar

A watan Maris na 1850 wani Bajamushe mai shekara 29, Heinrich Barth, ya tashi daga Tarabulus tare da James Richardson da Adolf Overweg, gwamnatin Ingila ta aiko su su ƙetare Sahara. Abokan tafiyar nasa biyu duk sun mutu a ƙasar Barno, shi kaɗai ya koma gida a 1855. A hanya ya ɗauki sunan Abdulkarim, ya koyi Hausa har yana ciniki da ita a kasuwa. Ana yawan ambaton harsunan da ya iya da littafinsa mai juzu'i biyar da ya fito a 1857 da 1858. Ni abin da nake so malamai da iyaye mu duba shi ne wani ƙaramin abu da bai rabu da shi ba duk tsawon tafiyar, wato fensir da littafin zane.

Tun bai bar ƙasar Libiya ba ya fara aiki da su. A kwaruruwan da ke kudu da Mizda ya tarar da dogayen kaburburan Rumawa na sassaƙaƙƙen dutse, tsaye a inda babu kowa, ya zauna ya zana su, ya auna, ya kwafe rubutun jikinsu. A watan Yuli ya iso wani kwari a Fezzan inda mutanen dā suka sassaƙa shanu da wasu siffofi masu jikin mutum da kan dabba a jikin duwatsu. Da ya gama kwafe su sai ya yi wa kansa tambayar da ta dace: me ya kawo garken shanu wurin da yau sai raƙumi ke iya bi? Daga nan ya fahimci cewa hamadar ta taɓa zama makiyaya. Zanen ne ya tsayar da shi har tambayar ta zo.

A Agadas, inda ya yi kusan mako uku a watan Oktoba na 1850, ya zana hasumiyar babban masallaci. Masallacin ya samo asali tun farkon ƙarni na 16, amma hasumiyar da Barth ya gani an sake gina ta a 1844, shekara shida kacal kafin zuwansa. Bai ce tana da kyau ya wuce ba. Ya ƙirga jerin itatuwan goruba da suka fito daga jikinta, ya samu hawa 13, ya ƙiyasta tsawonta, ya lura da yadda take tsukewa daga gindi zuwa sama. Yau an san tsawonta mita 27 ne, kuma tsohon garin Agadas ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013. Duk wanda yake son ya san abin da ya canza a jikin hasumiyar da unguwannin da ke kewaye da ita, yana da abin da zai gwada da shi, domin wani baƙo ya zauna ya ƙirga itatuwa.

Haka ya yi a Katsina, ya zana taswirar birnin, ya ce kewayen ganuwa ya kai mil 13 zuwa 14, amma mutanen ciki ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba, sauran fili duk kufai ne da gonaki. A watan Fabrairu na 1851 ya hau dutsen Dala ya zana Kano daga sama, ya fitar da taswirar unguwanni da kududdufin Jakara, har ma da tsarin ɗakunan gidan da aka sauke shi. A 1854 ya zana kabarin Askiya a Gao.

Ya kamata mu gaya wa ɗalibai gaskiya game da waɗannan hotuna. Masu launin da ke cikin littafin ba hannun Barth ba ne kai tsaye. Wani mai zane a Jamus, Johann Martin Bernatz, shi ya ɗauki zayyanar fensirin ya mayar da ita hoton bugawa, kuma bai taɓa taka Kano ko Agadas ba. Saboda haka inuwa da ayari da kyawun sararin sama, sai a karɓe su da taka-tsantsan. Abin dogara shi ne awo, da ƙirga, da kwanan watan da Barth ya rubuta. Sannan kada a manta gwamnati ce ta aiko shi, don neman hanyoyin ciniki, kuma bayan shekara hamsin masu bindiga suka biyo sawun masu fensir.

Amma zana ƙasa ba Turawa suka kawo mana ba. A 1824, da Hugh Clapperton ya je Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya shata masa hanyar kogin Kwara a kan rairayi, daga baya aka ba shi taswira da aka zana a fadar, da sunayen ƙasashe cikin rubutun Larabci. An buga ta a London a 1826. Maginanmu ma haka suke, suna shata harsashin gida a ƙasa da ƙafa ko da sanda, sauran tsarin yana cikin kansu. Matsalar ita ce iska tana share rairayi, magini kuma in ya rasu ya tafi da abin da ke kansa.

Ginin ƙasa ba ya jira. Kaburburan Rumawan nan na dutse sun yi ɗaruruwan shekaru kafin mai zane ya zo. Soron tubali kuwa, in aka yi damina uku ba yaɓe, indararo ya toshe, azara ta ci gara, sai ya zauna. Wani lokaci ma arziki ne yake rushe shi. Tsohon masallacin Juma'a na Kano na ƙasa ne, aka maye shi da na siminti a farkon shekarun 1950. Na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da bakan gizonsa da tulluwarsa, an lulluɓe abin da ya rage daga cikinsa da sabon gini a shekarun 1970. Dalilin da ya sa aka san cikakken tsarinsa shi ne wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, ya auna shi tare da mataimakansa ƴan Nijeriya, da wannan awon kuma aka gina kwafinsa a gidan tarihi na Jos.

Kayan sassaƙa da na yumɓu su kuma ɓarayi ne ajalinsu. A Bura, ta wajen Tera, an gano makabartar dā a 1975, Boubé Gado ya tone ta bisa ƙa'ida a 1983, ya fito da tukwane da kawunan mutane na gasasshen yumɓu, har da mahayin doki. Da labari ya bazu sai masu haƙa don sayarwa suka afka wa wuraren, har kayan Bura suka shiga jerin abubuwan da aka gargaɗi duniya kada ta saya a 2000. Tukunyar da aka zaro ba tare da an zana inda take kwance da abin da ke kusa da ita ba, ko an dawo da ita, rabin labarinta ya tafi.

To mu fa? Barth bai bi ta Adar ba. A 1851 ta Damargu da Tasawa ya gangara Katsina, a 1853 kuma daga Damagaram ya nufi Katsina, Wurno, Sakkwato, Gwandu da Sayi. Babu Madawa, babu Buza, babu Keita a littafin zanensa. Alhali muna da abin zanawa. Masallacin Yama na nan cikin jihar Tawa: Falke Barmu, manomi kuma magini, ya fara shi a 1962, ya sake rufinsa da baka da tulluwa a 1975, hasumiyoyi huɗu suka kammala a 1982, ya samu kyautar Aga Khan a 1986. Ga manyan rumbunan laka na ƙauyukan Buza, ga rudun albasa na kwarin Tarka, ga zaurukan hakimai da tsofaffin rijiyoyi. A nan Sabon Gida, duk shekarar da albasa ta yi kuɗi ko ƴan cin rani suka dawo da abin hannu, sai wani soro ya koma bulo da kwano. Ba na zargin kowa, wanda ɗakinsa ke yoyo shi ya san zafin damina. Ina cewa dai a zana kafin a rushe.

Iyaye sukan kawo uzuri biyu. Na farko, ai akwai salula. Hoto yana da amfani, a ɗauka. Amma yaron da ya ɗauki hoto ya gama cikin ƙiftawar ido bai ga komai ba, wanda zai zana kuwa dole ya ƙirga zankwaye, ya ga inda katanga ta fi kauri, ya tambayi dalili. Salula kuma tana ɓata, ana sayar da ita, hotunan su bi ta. Na biyu shi ne maganar sura. Wannan damuwa ce ta addini, ina girmama ta, amma saɓanin malamai a kan mai rai yake. Rumbu da zaure da hasumiya ba su da rai.

Aikin ba ya bukatar kuɗi. Littafin rubutu ɗaya da fensir sun isa. Yaro ya nemi izinin mai gida, ya auna tsawo da faɗi da takunsa, ya nuna gabas, ya zana gaban ginin da kuma tsarin ɗakuna kamar ana kallo daga sama. A ƙasa ya rubuta sunan gari, kwanan wata, sunan maginin in an sani, da abin da dattijon gidan ya faɗa. In an lura, lissafi da tarihi da rubutu duk sun shigo darasi guda. Wanda zai raka mahaifinsa kasuwar Tunfafi, ko ya je hutu Ƙonni ko Maraɗi, ya tafi da littafinsa, ya dawo da shafi biyu. Malami ya tara su a makaranta, ko a yi kwafi a kai wa mai gari.

Mutanen Adar matafiya ne, an san mu daga Abijan har Tarabulus ɗin da Barth ya taso. Mun yarda tafiya mabuɗin ilmi ce. A hutun nan mai zuwa, kowane malami ya zaɓi gini ɗaya a garinsa wanda yake jin ba zai kai shekara goma ba, ya kai ajinsa su fara da shi. Allah ya ba mu iko.