Shekarar da jami'a guda ta dakatar da ƙungiyarta saboda ƙwaya

1/ Jama'a, yau zaren tarihi ne. Duk sanda aka ce ƙwayar ƙara kuzari a wasanni, hankalinmu Olamfik yake tafiya. Ni kuwa labarin da ya fi tsaya min a rai na ɗalibai ne. Ku biyo ni 🧵

2/ Kanada, 2010. Jami'ar Waterloo a lardin Ontario tana da ƙungiyar ƙwallo, irin wadda ake sa hular kwano ana gwabza ƙirji. 'Yan sanda suka kama wani ɗan wasanta bisa zargin safarar sitiroyid, maganin da ke kumbura tsoka.

3/ To fa. Jami'ar ba ta rufa-rufa ba, ta ce a gwada kowa. Hukumar CCES mai yaƙi da ƙwaya a wasannin ƙasar ta zo kan 'yan wasa 62. Aka samu matsala da 9. Wasu da bakinsu suka amsa, wasu fitsari ne ya tona su, ɗaya ya ƙi gwajin.

4/ Gwajin jini kuma ya kama ɗaya da HGH, sinadarin girman jiki da fitsari ba ya nunawa. Shi ne ɗan wasa na farko da aka kama haka a Arewacin Amurka. Ɗalibi fa, ba wani ƙwararre mai albashin miliyoyi ba.

5/ A watan Yuni jami'ar ta soke kakar 2010 gaba ɗaya. Nan ne nake rabuwa biyu wallahi. Sama da mutum 50 ba a same su da komai ba, amma sun rasa shekara. Wasu suka tattara suka koma wasu jami'o'i. Da ƙungiyar ta dawo a 2011, ko wasa ɗaya ba ta ci ba.

6/ Na daɗe ina ganin zalunci ne. Amma ku yi tunani: mutum 9 a ɗakin sauya kaya ɗaya, a ce ba wanda ya lura? Ban yarda jahilci ne ba. A ganina shiru ne na abokai.

7/ Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: tun 1 ga Janairu 2024 WADA ta haramta tiramol a lokacin gasa. Dokarsu kuwa ba ruwanta da "ban sani ba", abin da aka gani a jikinka naka ne. Masu shirin NUGA, wa ya taɓa zaunar da ku ya karanta muku jerin?